Burtalin Gwaggo

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma, wani ta doguwar hanya, wani ta yanke. Gwaggo, yayar mahaifina, ta koma ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, lokacin da shinkafar rani ta yi ciki. Kafin azahar an kai ta makwancinta. Kafin la'asar ƙofar gidanmu, a ƙauyenmu na bakin tafki cikin ƙasar Ngaski, ta cika har ana aron tabarmi daga masallaci.

Mutanen Yelwa sun zo a kan kabu-kabu, na Shanga sun haɗa mota guda, dangin da ke tsibirai kuwa jirgin ruwa ne ya sauke su. Kowa ya zauna sai ya ce ya muka ji da haƙuri, a ɗaga hannu a yi addu'a. Abin da ba zan manta ba shi ne ƙarar mari. Rana tsaka, a gindin dogonyaro, liman yana addu'a, jama'a na cewa amin, amma bayan kowane amin sai ka ji wani ya kai wa ƙaurinsa duka. Sauro ne. Baƙi suka riƙa kallon juna, don a garuruwansu sauro yana jiran magariba. Mu 'yan gida ko a jikinmu, mun riga mun saba.

Waɗanda suka iso a makare sun lura da wani abu kuma. Duk wanda ya raka gawa, wandonsa caɓe yake da laka har gwiwa, ga shi kuwa an fi wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Wani abokin aikina, malamin makaranta kamar ni, ya matso kusa bayan ya yi gaisuwa. Ya ce shinkafata ta yi kyau ƙwarai, tun daga titi ya hango ta, sai dai wane marar tsoron Allah ne ya kora shanu suka ratsa ta tsakiyarta haka? Har da ba ni shawara in kai ƙara wurin hakimi. Na kusa da mu kowa ya duƙufa kan carbinsa. Na ji kamar in tashi in bar masa tabarmar. Na ce masa ba shanu ba ne, ban ƙara ko kalma ba.

Cikin gida, Inna ta gaya mini, kusan duk macen da ta shigo maganarta ɗaya ce: tunkiyarta ta farko daga hannun Gwaggo ta fito. Wata 'yar uwarmu da ke aure a Shanga ta yi ta kuka tana cewa keken ɗinkin da take ciyar da 'ya'yanta da shi, 'ya'yan tunkiyar nan ne suka saya mata. A waje kuma wani tsohon Bafulatani ya zo, wanda rugarsa ce kaɗai ta rage a kan tudun bayan gari. Bai hau tabarma ba. Ya tsuguna a gefe da sandarsa, ya daɗe, sannan ya dubi Baba ya ce, "To yanzu wa ka gaya muna lokacin hawa?" Ya miƙe ya kama hanya, ko ruwa bai sha ba.

Ni ba gwanin yabon matattu ba ne, kuma Gwaggo da kanta ba ta son a shafa mata mai a baki. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsoro. Yaran gidanmu ba su san ta ba sai a matsayin tsohuwa makauniya da ke zaune bakin garke tana laluben kunnuwan tunkiya. Nan da 'yan shekaru za a tambayi abin da ya ratsa gonar nan, wani zai ce shanu ne, a wuce wurin. Ni ya kamata in faɗi gaskiyar abin, domin ni na toshe hanyar.

Ba a wannan ƙauye aka haifi Gwaggo ba. Garinsu yana ƙarƙashin tafki. Ta fara zama budurwa lokacin da aka tare kogi aka ce kowa ya kwashe ya hau sama, Baba kuwa yana goye. Ta sha ba mu labarin ranar tashi. Kowa ya rungumi abin da ya fi so cikin jirgi, wata tukunya, wani ƙyauren ɗaki, ita kuwa 'yar tunkiya ce a cinyarta, fara mai baƙin kunne, tana ta yi mata fitsari a zane har suka kai gaɓa. Duk tumakin da Gwaggo ta kiwata a rayuwarta tsatson wannan tunkiya ne. Rago takan nemo daga waje, amma uwa ba ta taɓa sayowa a kasuwa ba.

Kowace tunkiyar da ta ajiye don kanta, sunan wani wuri take sa mata daga garin da ruwa ya ci. Akwai Tsamiya, akwai Mashaya, akwai Maƙera, akwai Bayan Masallaci, wadda muke dariyar sunanta muna yara. In ɗaya ta mutu, 'yarta ta gaji sunan. Da yamma in ta tsaya tana kiransu, sai ka ji kamar wani na zagaya garin da ba ka taɓa gani ba, unguwa bayan unguwa. Lokacin ban ɗauki abin a bakin komai ba. Yanzu in na tuna, tsigar jikina tashi take yi.

Duk da a bakin ruwa ta tsufa, ba ta cin kifi sai ta tambayi inda aka kamo shi. In masunci ya ce daga wajen tsohon gari ne, ta ture kwanon. Ta ce uwarta na kwance a can, ba za ta ci abin da ya yi kiwo a kanta ba. Masunta suka koyi yi mata ƙarya, ita kuma ta koyi kallon idonsu maimakon kifin. In ruwa ya ja baya sosai da bazara, kututturen wata tsohuwar tsamiya yakan leƙo can tsakiyar tafki. Sai ta je gaɓa ta tsaya, ta yi wa mutanen wurin sallama da addu'a, ta dawo ba ta magana da kowa ranar.

Ta yi aure, Allah bai bar mata ɗa ba, mijin ya rasu, ta dawo gidan ƙanenta da tumakinta. A ɗakinta aka yaye ni. Na sha kununta, na kuma sha ludayinta a ka. Ba mace mai sanyin baki ba ce. In ta wanke ka, sai ka kwana biyu kana jin ƙaiƙayi. Amma duk 'ya macen da aka haifa a gidanmu ko a maƙwabta, ranar suna sai ka ga Gwaggo ta shigo riƙe da igiya, 'yar tunkiya na turjewa a bayanta. Maza ba ta ba su. Ta ce su gona na jiransu, mace kuwa gara ta tashi da abin da ba wanda zai ce nasa ne.

Bayan garinmu akwai tudu, tafiyar rabin sa'a a ƙafa. Gabashinsa maƙabarta ce, yammacinsa rugar Fulani da bukkar Gwaggo da turakunta. A da, tsakanin gari da tudun fako ne da sabara da ƙaya, sai burtali guda da ya ratsa, wato hanyar da aka bar wa dabbobi tun zuwan iyayenmu. In ruwan farko ya sauka, Gwaggo takan je wani ɗan kwari bayan gari ta tsuguna ta duba. Ranar da ta ga ruwa ya kwana biyu bai ƙafe ba, ranar take kwance tumakinta ta hau tudu, kuma Fulani ita suke kallo su ma su tashi. Ba ta saukowa sai ƙasa ta bushe ta tsattsage. A can sama iska na kaɗawa, kuma kowace almuru sai ta haɗa hayaƙi da busasshen kashin shanu da ganyen dogonyaro da ɗoɗɗoya, tumaki su matso da kansu su kwanta cikinsa.

In an tambaye ta dalilin wannan wahala, amsarta ɗaya ce. Sauro ba daga sama yake faɗowa ba, cikin busasshiyar laka yake barci, ruwa ne ke tashinsa, kuma wanda ya fara tashi shi ke zubar wa tunkiya ciki. Ni da na yi makaranta na san sauro cikin ruwa yake ƙwai, kuma zazzaɓin mutane kaɗai aka koya mana yana kawowa. Sai na riƙa yi mata gyara kamar 'yar ajina. Takan ce, "To, malam," ta ci gaba da fifita wutarta.

Shekara bakwai ke nan da na sayi injin ban ruwa. Ba zan ce sharri ya sa ni ba. Geronmu ba ya kai mu ƙarshen shekara, albashin malami kowa ya san tsawonsa, kuma tun daga Shanga har ƙasarmu duk wanda ke da fili kusa da ruwa ya shiga noman rani. Filin da ke tsakanin gari da tudu na gidanmu ne, Baba ya sakar mini. Muka sare sabara, muka tuge ƙaya, aka yanka filin fangali-fangali don shinkafa, aka jawo tiyo daga tafki. Maƙwabta suka ga buhuna, su ma suka bi. Kafin shekara biyu fakon nan ya zama kore shar, rani da damina, ruwa kwance a ciki ba ranar hutu. Tun daga lokacin Gwaggo ta sauya mini suna, na koma Mai Inji.

Babbar magudanar ruwana ta bi ta kan burtali, domin nan ƙasa ta fi daidaita. Ranar da Gwaggo ta ga an fara haƙa, ta zo har gona, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya bakin ramin, ma'aikata suna jinmu.

"Mai Inji, ban ce ka bar noma ba," in ji ta. "Hwaɗin zane guda nika roƙo. Inda tumaki za su bi su hau."

Na ce mata in na bar hanya a tsakiya, ruwa ba zai kai fangalin gabas ba, kuma dabbobi za su riƙa kai baki cikin shinkafa. Na ce zamani ya canza, sauro kuma ai ko'ina akwai shi.

"Awo, akwai shi," ta ce. "Amma da can yana da lokacin barci. Kai ka hana shi barci."

Ma'aikata suka yi dariya. Dariyar nan ce ta cuce ni, don na ji kamar ni ake yi wa, alhali ita suke yi wa. Raina ya ɓaci, na ce ta bi ta titin mota in hawan ya zame mata dole. Matar da ta yaye ni na faɗa wa haka, a gaban 'yan ƙwadago. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara mayafinta ta juya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta gwada titin motar sau ɗaya. Zagaye ne na fiye da sa'a biyu, ga manyan motoci, ga gwiwoyin tsufa. Ta isa tudu da la'asar, ɗaya daga cikin tumakin da karyayyar ƙafa. Shekarar da ta biyo ba ta sake ba. Ta kafa turakunta bayan ɗakinta, taki goma daga fangalina na farko. Fulani ma yawancinsu suka tashi suka nemi wani wuri, don hanyar mashayarsu ta rufe. Damina biyu ba abin da ya faru, ni kuwa na samu bakin tsiya. In na zo daga Yelwa ranar Juma'a sai in leƙa garke in tambaye ta ina sauron nata. Takan ce yana gaishe ni.

A damina ta uku aka yi ruwa mai yawa, ya sauka kan ƙasar da dama ba ta bushe ba. Sauro ya tashi irin wanda ko tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Hayaƙin Gwaggo bai yi masa komai ba. Tsamiya ce ta fara ɓari, wata safiya. Kashegari Maƙera. Cikin mako biyu duk tunkiyar da ke da ciki a garken ta zubar, 'ya'yan da aka riga aka haifa kuma suka riƙa kwantawa, yau lafiya lau, jibi babu. Ba garkenmu kaɗai ba, duk unguwar da ke kallon fangali haka. Mata suna fitowa da safe da abu a ƙunshe cikin buhu, ba mai tambayar wata. Tumakin tsohon Bafulatanin nan da ke kan tudu kuwa, ɗaya ko biyu kawai abin ya taɓa.

Mutane suna jefa wa karnuka da ungulu abin da aka zubar. Gwaggo ta ƙi. Ta ce waɗannan ta san uwayensu da kakanninsu, ba za ta bari a ja su a ƙasa ba. Kowane ɗaya ta naɗe shi cikin tsumma, ta haƙa rami bayan garke ta rufe da hannunta. Na zo na same ta wata Asabar, hannuwanta jina-jina har wuyan hannu, tana gyara wa wani ɗan tayi kwanciya cikin ramin kamar wanda zai ji ciwo. Na tsaya ina kallo. Ban san akwai abin da zan hana ba, kuma ko na sani, da wane baki?

Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya kayar da ita. Tana kwance likitan dabbobi ya zo daga Yelwa, da safar hannu da 'yan kwalabe, ya ɗebi jinin tumakin da suka rage. Da ya dawo bayan makonni, ya zauna da mu a zaure ya yi bayani. Ya ce ƙwayar cuta ce da sauro ke ɗauka daga dabba zuwa dabba, kuma mutum kan kamu in ya taɓa jini ko ɓarin dabbar da hannu. Ya ce akwai wani irin sauro da ƙwansa ke iya zama cikin busasshiyar laka wata da watanni, har ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe, sannan sauron da ke hayayyafa cikin ruwan fangali ya ɗauka ya yaɗa. Inda duk aka sare daji aka kwantar da ruwa kusa da garke, in ji shi, a nan suka fi samun alamar cutar cikin jinin dabbobi. Sai ya tambaya inda muke ɗaure su da damina a da. Baba ya nuna masa tudu da haɓa. Likitan ya ce duk wanda ya tsara haka ya san aikinsa.

Gwaggo ba ta ji wannan magana ba, tana ɗaki. Baba ya dube ni, na gane ni ya bar wa in kai mata. Ban kai ba. Na ce sai ta warke, da ta warke na ce sai na sami lokacin da ya dace. Shekaru suka wuce ina shiga ɗakinta kowace Juma'a, ina kawo mata goro da sabulu, kalma biyar sun gagare ni: Gwaggo, ke ce da gaskiya. Har ta koma ga Allah ban faɗa ba, kuma wannan shi ke hana ni sakewa.

Zazzaɓin ya sake ta, amma ya bar mata abu. Ta ce duk abin da ta kalla, akwai wani baƙin tabo a tsakiyarsa. Tabon ya yi ta faɗi. A asibiti aka ce zazzaɓin ya taɓa can bayan idon, ba abin da tabarau zai yi. Ranar da muka dawo, Baba, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tsare ni a tsakar gida ya fara faɗa. Daga cikin ɗaki Gwaggo ta katse shi.

"Bar shi," ta ce. "Shinkahwatai munka ci, har da ni. Wa ya ƙi loma?"

Wannan ce kaɗai maganar da ta taɓa yi kan lamarin. Ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba. Tuwon shinkafar ma ba ta daina ci ba, sai dai in an miƙa mata takan ce a kawo tuwon Mai Inji a ga ko ya yi gishiri.

Mai karatu zai ce to ai daga nan na buɗe hanyar. Ban buɗe ba. Na ce bayan girbi. Amma mai noman rani ba shi da bayan girbi, kana yanke wannan irin na gaba ya isa dashe. Na ce magudanar yanzu har gonakin maƙwabta take shayarwa, sai mun zauna. Na ce tumakin ma nawa suka rage da za a ɓata fangali shida dominsu. Na sayo gidan sauro na kewaye garken da shi, tumaki suka cinye gefe guda cikin kwana uku, Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Waɗanda suka tsira wasu ba su sake ɗaukar ciki ba, wasu suka tsufa, wasu aka sayar wajen neman maganin ido. Na bincika wurin matan da ta taɓa ba wa, ba wadda ta rage da ko ɗaya. Aka wayi gari tunkiya guda ce a duniya daga tsatson wadda ta hau jirgi, ita ce Mashaya.

Bara matata ta haifi 'ya mace. Ranar suna Inna ta riƙo hannun Gwaggo suka shigo, igiya a hannunta kamar kullum, sai dai ba komai a ɗaure. Ta laluba ta sa wa matata igiyar a cinya, ta ce ta riƙe, abin ɗaurewa na tafe. 'Yata ce mace ta farko a gidanmu, tun tasowa daga tsohon gari, da aka yi sunanta ba tunkiya.

Juma'ar ƙarshe na same ta bakin garke. Ta kamo hannuna ta ɗora a cikin Mashaya, na ji abu ya motsa.

"Na ɗiyarka na nan ciki," ta ce. "Kada ka bari a haihe shi bakin ruwan ga."

Na ce saura wata guda a yi girbi, in sha Allahu daga nan za a gyara hanya. Ta saki hannuna. Ta ce ita tunkiya ba ta san girbi ba.

Ranar Talata, bayan an yi mata salla a ƙofar gida, masu ɗaukar makara suka juya wajen titin mota, hanyar da muke bi da gawa tun da na toshe burtali. Baba ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya juyo gare ni a gaban liman da dukan jama'a.

"Ta bar mani wasiyya," ya ce. "Ta ce in ta mutu a bi da ita ta burtali, ta gaji da zagaye. Gonar ga taka ta. Mi kac ce?"

Na je na karɓi gaban makara na ɗora a kafaɗa, na nufi gona. Na sa ƙafa cikin fangalin farko, laka ta kama ni har ƙauri. Shinkafa ta kai ƙugu, tana karyewa ƙarƙashin ƙafafunmu, sauro na tashi daga cikinta yana cika mana fuska, ba mai hannun korewa. Ba alamar burtali ko ɗaya da ta rage, amma ƙafata ta san shi, hanyar da na bi ina yaro riƙe da bakin zanenta. Mutane suka biyo mu biyu-biyu, ba mai magana sai kalmar shahada. Gwaggo ba ta da nauyi ko kaɗan. Da muka kai gindin tudu aka karɓe ni, na waiwaya. Hanya ta fito a miƙe tun daga bayan gidanmu, ta ratsa kore, faɗinta bai wuce na zane guda ba.

Washegari da safe na kwance Mashaya na bi da ita ta wurin. Ban ja ta ba, ita ke gaba. Tsohon Bafulatanin ya karɓe ta ya ɗaure a tsohon turken Gwaggo, wanda har yanzu yana nan. Likitan dabbobi ya ce wadda ta tsira ba kasafai take sake kamuwa ba, amma jariri ba shi da ƙarfi, a nisanta shi da ruwa. Na sa aka zuba ƙasa da tsakuwa a hanyar, aka binne bututu ƙarƙashinta don ruwan maƙwabta ya wuce. Aikin yini biyu ne. Shekara bakwai ina cewa ba zai yiwu ba, ashe aikin yini biyu ne.

Na ɗauki hutu a makaranta, kowace almuru ina hawa in haɗa hayaƙi. Daga can sama ana jin injuna suna ta kuka a bakin tafki, nawa da na maƙwabta, kuma kore ya riga ya fara lasar gindin tudun ta arewa. Ban san shekara nawa tudun zai yi yana tudu ba. Wani lokaci in hayaƙi ya turnuƙe, nakan ji kamar za a kira Tsamiya, a kira Maƙera, sai in tsaya da fifitawa in saurara.

Kwana goma sha tara bayan rasuwar, da hantsi, Mashaya ta haihu. Mace, fara mai baƙin kunne. Ta faɗi sau biyu, a na uku ta tsaya ta kama nono. Na sauko da gudu ta sabuwar hanyar, sai da na kai ƙofar ɗakin Gwaggo na ga kwaɗo a jiki, sannan na tuna.

Matata ta ɗauko igiyar, ta goya yarinyar, muka hau tare da Baba. Na ce masa sai a sa mata suna irin na Gwaggo, ya faɗi wani wuri daga tsohon gari wanda ba a taɓa sa wa wata ba. Ya daɗe yana kallon tafki. Ya ce shi a goye ya baro garin, bai san ko lungu ɗaya ba, duk abin da ya sani a bakin yayarsa ya ji, kuma ga ta can kwance. Can ya duƙa ya sa wa 'yar tunkiyar igiya a wuya da hannunsa.

"Sa mata Burtali," ya ce, bai dube ni ba. "Shi ma ruwa ya taɓa cin shi."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya mayar mata da ganinta a inda ba tabo. Ya sada ta da uwarta da ke ƙarƙashin ruwa, ya yafe mata, ya yafe mini abin da na ƙi faɗa. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙo ya yi mata addu'a. In kuma hanya ta kawo shi ƙauyenmu ya ga wata 'yar siririyar hanya ta ratsa tsakiyar shinkafa, kada ya tambayi wanda ya kora shanu.